Tabo a Kafet ɗin Aro

Shekarar da aka haifi 'yarmu ta fari muna haya a Barnawa, a wani gida mai ɓangare biyu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ina koyarwa a makarantar firamare, ba mu fi shekara da dawowa Kaduna ba. A ɗaya ɓangaren akwai wani dattijo da matarsa, mutanen kudancin Kaduna ne, daga wajen Zonkwa. Shi ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har ranar da aka rufe ta, ita kuma tana da rumfa a kasuwa, tana sayar da doya. Baba da Mama muke ce musu. Ni Malam suke ce min, matata kuwa Amarya, har ta haihu ba su sauya mata suna ba.

Leda ce shimfiɗe a falonmu, ta tsage daga bakin ƙofa, na liƙe ta da salatif. Ana jibi suna Mama ta shigo duba mai jego. Ta ɗauki jaririya, ta yi mata wasa, sai na ga idonta ya sauka ƙasa.

"Malam, a kan wannan ledar mata za su zauna?"

Na ce za a shimfiɗa tabarmi.

"A'a. Zo ka kama wa Babanku."

Yayan Baba ne ya rasu a ƙauye, washegari da safe za su tafi jana'iza, sai sun yi mako biyu. Ta ce kafet ɗinsu zaman banza zai yi a falo a kulle, gara a more shi. Na yi ta cewa a bari, ba ta ko saurare ni ba. Kafet ne babba, ruwan madara, mai laushi har ƙafa na nutsewa. 'Yarsu da ke aikin jinya a Jos ce ta aiko musu da shi. Ni da Baba muka naɗe shi muka tsallaka da shi, yana tafe idonsa ja, don shi da marigayin ɗaki ɗaya suka taso.

Ranar suna ban shiga falo ba sam. Ina waje da maza ƙarƙashin rumfa, mata suka cika ciki tun hantsi har magariba. Sai washegari da safe, na zo zan share kafet ɗin in naɗe, na ɗaga wani matashin kujera da aka yar a gefe, na ga abin.

Tabo ne rawaya, rawaya sosai kamar garin ɗorawa, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Ya bushe. Na taɓa, na shinshina, ban ji komai ba sai ƙamshin turaren wuta da ya kama ko'ina.

Na kira matata. Ta fito tana takawa a hankali, ta duba, ta ce ita jiya ba ta san ma inda kanta yake ba, balle abin da ya zube. Na kira Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, wadda ta zo daga Unguwar Mu'azu don yi mata wankan jego. Gwaggo ta sunkuya ta ce manja ne, miyar taushe ce wani yaro ya kifar. Na ce manja ai ja-ja yake, wannan kuwa rawaya ne. Ta ce to in na fi ta sani me ya sa na kira ta.

Ban damu ƙwarai ba a lokacin. Na ɗauka aikin rabin awa ne. Na ɗora ruwa ya yi ɗumi, na zuba garin sabulun wanki a bokiti, na kaɗa ya yi kumfa, na ɗauko buroshi na durƙusa.

Kumfar na sauka a wurin, tabon ya koma ja.

Ba a hankali ya koma ba. Ina kallo, daga inda buroshi ya taɓa jan ya bazu har gefe. Ja ne mai duhu, irin na jini. Na jefar da buroshin na duba hannuna, na juya su gaba da baya, na duba gwiwata, ina neman inda na yanke. Babu. Na duba bokitin, kumfa fara tas.

Gwaggo ta leƙo ta rafka salati.

"Jini ne! Naman ragon suna aka ajiye a nan."

"Gwaggo, yanzu fa kika gan shi rawaya."

"Na gan shi. To yanzu kuma ga shi ja."

"Jini yana fara zama rawaya ne?"

Ta ce ita dai abin da ta sani, babu dattin da kanwa ba ta ci. Ta jiƙa jar kanwa a kofi, ta tace, ta miƙo min. Na zuba a hankali ina dannawa da tsumma. Jan ya ƙara duhu, ya koma kamar tsohon lalle. Faɗinsa kuma ya ƙaru, don ruwan ya ja shi gefe-gefe. Na zauna daɓas a kan leda ina kallonsa. Gwaggo ta ce wataƙila kanwar ce ba ta da kyau, ta koma wajen tukunyarta.

Ranar Litinin na kai maganar ɗakin malamai. Kowa na da magani, amma kowa sai ya fara da tambaya ɗaya: me ya zube? In ce ban sani ba. To wace kala ne? Na ce da rawaya ne, yanzu ja. Wani ya tambaye ni ko na tabbata wuri ɗaya nake kallo.

Wata malama 'yar Binuwai, mai koyar da aji uku, ta ce lemon tsami da gishiri, haka uwarta ke yi wa kowane irin tabo. Malamin lissafi ya ce kananzir, in dai akwai maiƙo a ciki. Wani ya ce in shimfiɗa tsohuwar jarida in bi da dutsen guga mai zafi, takardar za ta tsotse. Mataimakin hedimasta, wanda ba ya magana sai ya gyara murya, ya ce duk abin da zan yi in yi, amma kada in kuskura in bar rana ta gan shi, don rana gasa tabo take yi ya zauna har abada. Na rubuta duka a bayan littafin darasi, na ja layi biyu a ƙarƙashin maganar rana.

Na tsaya a hanya na sayi lemon tsami cike da leda. Da na isa gida ko riga ban cire ba. Na yanka, na matse a kan tabon, na barbaɗa gishiri.

Jan ya ɓace. Wallahi a gaban idona ya ɓace, duk inda ruwan lemon ya ɗiga sai ya washe. Na ƙwala wa matata kira, na ce ta zo ta gani, an gama. Kafin ta iso na gane abin da ya faru. Jan ne kawai ya tafi. Rawayan nan na ranar farko ya dawo, yana nan daram, har ya fi da haske.

"To ai ya koma yadda yake," in ji ta.

"Ya koma."

"Ci gaba ne ko baya?"

Na ce bari in wanke lemon da sabulu kada tururuwa su taru. Ina zuba ruwan sabulu ya koma ja. Na matsa lemon, rawaya. Na sa sabulu, ja. Sau nawa na yi haka ban ƙirga ba. Na daina ma tunanin fitar da shi, ina yi ne kawai ko zan kama lokacin da yake juyawa in gane dalili. Matata ta fara dariya tana riƙe ciki tana cewa in bari, ɗinkinta na ciwo. Can kuma dariyar ta tsaya, ta ce, "Kai, abin nan fa ba lafiya ba."

Gwaggo dama jira take. Ta ce tun shekaranjiya ta so ta faɗa ta yi shiru. Taron suna ba wanda ba ya zuwa, mai son ka da wanda ba ya son ka. Abin da ke sauya kama haka a gida mai jariri ba a wasa da shi. A fitar da kafet ɗin waje. Na ce ba za a kai shi rana ba. Ta ce to a kai shi ko'ina ne ban da inda jaririya take. Ni ban yarda da zancenta ba, amma da ta tambaye ni to mene ne, sai na kama gefen kafet ɗin. Muka ja shi zuwa baranda, inda inuwa take wuni, na jawo fanka na kunna masa.

Kwanakin da suka biyo baya na bi sauran jerin ɗaya bayan ɗaya. Jarida da dutsen guga ba su tsotse komai ba, sai ma baƙin rubutun jaridar da ya so ya kama, na yi maza na ɗaga. Ruwan khal mai tsami ya yi abin da lemon ya yi. Toka da Gwaggo ta tankaɗe min ta yi abin da kanwa ta yi. Sabulun salo, ja. Na fara lura cewa kayan sun kasu gida biyu, masu mai da shi ja da masu mai da shi rawaya, amma babu na ukun da zai mai da shi babu. Kananzir na bari ƙarshe. Shi bai sauya kalar ba, bai kuma rage ta ba, sai wari da ya cika gidan har matata ta rufe tagogi ta ce in na ƙara kawo wani abu ita da 'yarta za su bi Gwaggo Unguwar Mu'azu.

A makaranta na zama abin tambaya. Da na shigo sai a ce, "Malam, yau wace kala?" Ina amsawa da gaskiya, su yi ta dariya. A aji ina rubutu a allo sai in tsinci kaina na tsaya da alli a hannu, ina tunanin ko gishirin ne ya yi yawa.

Ranar Asabar na naɗe shi na tari Keke, rabi a ciki rabi a waje, na kai wa masu wankin mota a hanyar Trikania, don na sha ganin kafet a shanye a wurinsu. Mai wurin ya ce ƙaramin aiki ne. A ranar rawaya ne, don da khal na kwana. Ya watsa ruwan sabulunsa, abin ya yi ja. Ya ja da baya, ya dube ni, ya dubi kafet, ya ce da turancin buroka wannan ya fi ƙarfinsa. Sai dai in na yarda ya sa bilic. Na tambaye shi bilic zai fitar? Ya ce zai fitar da tabon, zai kuma iya fitar da kalar kafet ɗin, wataƙila har da gashin. Na ce a naɗe min kayana. Na dawo da shi a jiƙe, ya ninka nauyi, mai Keke yana ta mita ruwa na ɗiga masa.

A lissafina saura kwana huɗu su Baba su dawo. Na shirya maganar da zan yi musu, na sake shiryawa. Abin da ya fi damuna shi ne ban san ma laifin me zan amsa ba. In ce mun zubar da me?

Ranar Talata bayan la'asar ina durƙushe a baranda, tabon na ja a ranar, ina shafa masa wani haɗin farar hodar yin kek da aka ba ni, sai na ji an turo ƙofar gida. Baba ne, da jaka a kafaɗa. Mama na waje tana sauke buhu daga mota. Sun dawo da wuri.

Na miƙe, hannuna duk farin gari. Na yi masa sannu da hanya, na yi masa gaisuwar rashi, ya amsa a gajiye. Ya rame. Sai idonsa ya kai kan kafet.

Duk maganar da na shirya ta watse. Na fara daga tsakiya, na koma farko, na ambaci kanwa, na ambaci mai wankin mota. Na ce da rawaya ne. Yana ji har na kai wurin lemon.

"Tsaya. Ka ce da ka sa lemon ya koma rawaya?"

"E, Baba."

"Da sabulu kuma ja?"

"E."

Ya ajiye jakar. "Akwai sauran lemon?"

Na kawo. Ya tsuguna da kayan tafiyarsa, ya matsa kaɗan a gefen tabon, ya kalli yadda ya washe. Ya ce in kawo ruwan kanwa. Ya tsoma yatsa ya ɗiga a tsakiyar rawayan, ɗigo uku, jajaye suka fito a jere. Sai na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Kurkum ne, Malam."

"Kurkum?"

"Shi ne. Shekara ashirin da wani abu na yi a sashen rini. Haka halinsa yake. Ya haɗu da abu mai tsami ya yi rawaya, ya haɗu da kanwa ko sabulu ya yi ja. Ba ya fita ne kake gani, riga yake sauyawa." Ya ƙara ɗiga kanwar, ya ja layi da yatsa, kamar mai rubutu. "Ɗauraye shi da ruwa zalla, ka shanya a kan katanga. Rana ce maganinsa."

Na ce an ce min rana gasa tabo take yi.

"Wani tabon. Wannan tsoron rana yake. Shi ya sa ba ma rini da shi, ba ya riƙe haske. Kwana nawa ka ɓoye shi a inuwa?"

Na ce goma. Ya girgiza kai, ya sake dariya, wannan karon da ƙarfi.

Dariyar ce ta shigo da Mama. Ta tsaya da buhun a hannu tana kallon mijinta, daga baya ta gaya wa matata cewa tun ranar da aka aiko da rasuwar ba ta ji ya yi dariya ba. Na fara ba ta haƙuri, ta leƙa ta ga tabon.

"Wannan? Ai wannan tsoho ne."

Na ce, "Na'am?"

"Nawa ne. Garin kori ne na miya. Ranar da aka yi wa jikanmu baftisma na kifar da kwanon miya a nan. Shi ya sa nake ɗora tebur a kai. Ban gaya maka ba? Wayyo Malam, sori, hankalina na kan tafiya."

Na ji kamar an sauke min dutse daga ka, amma bai kai ƙasa ba Baba ya ce a'a. Ya ce wancan a tsohon kafet ne, wanda suka ba ƙanwarta. Ta ce wannan ne. Ya ce shi da hannunsa ya naɗe wannan tare da Malam, da akwai tabo da ya gani. Ta ce ranar ko giwa ce a kwance a kai ba zai gani ba. Suka juya zuwa yarensu, ina tsaye a tsakani ina bin bakin kowa da ido. Na yi ƙoƙarin tuna ranar da muka naɗe shi. Na tuna nauyinsa, na tuna jan idon Baba, amma ko na kalli wannan gefen, ban iya tunawa ba.

Ana cikin haka Gwaggo ta fito gaishe su. Ta ji ana ta ambaton kurkum, sai ta kama haɓa.

"Kurkum kuka ce?"

Ta ce da safen suna ta kwaɓa kurkum a 'yar tasa don gyaran jikin mai jego. Ta ajiye, baƙi suka fara shigowa, da ta waiwayi tasar daga baya ta same ta wayam, ta ɗauka ta riga ta shafa mata ne ta manta. Matata daga ciki ta ɗaga murya ta ce ba a shafa mata komai ba ranar, kuma tasar a uwar ɗaki ta gan ta, ba a falo ba. Gwaggo ta ce a falo. Na ce, "Gwaggo, kwana goma kina kallona, har kin ce hannu aka sa." Ta ce ai ba wanda ya tambaye ta zancen kurkum, manja da jini ake ta faɗa. Na buɗe baki in tuna mata wanda ya faɗe su, matata ta kira sunana daga ɗaki, na rufe.

Har yau ban san na wane ne ba. Baba ya ce kori ma da kurkum ake haɗa shi, don haka kafet ɗin ba zai raba gardama ba.

Washegari muka ɗauraye shi da ruwan famfo, ni da Baba muka ɗora shi a katanga, fuskarsa na kallon gabas. Ranar farko ban ga bambanci ba, na fara zargin ko shi ma ya yi kuskure. Ya ce in daina zuwa dubawa kowace awa. Rana ta biyu rawayan ya koma kamar ruwan shayi marar ƙarfi. Baba yana fitowa da kujerarsa ya zauna a gindin katangar, in na dawo daga makaranta ya kira ni, ya ba ni labarin masaƙa: manyan tukwanen rini, yadda ake gane kala ta kama tun kafin a fitar da yadi, yadda hannunsa ya yi shekaru shuɗi har Mama ta saba. Ya sa aka kawo masa zoɓo a kofi, ya ɗiga kanwa, ya koma wani kore-kore mai duhu, ya miƙa wa Gwaggo ya ce ta sha. Ta ce Allah ya kiyaye.

A rana ta biyar sai ka san wurin kafin ka ga alamar rawaya. Abin da ya rage aikina ne. Inda na yi ta dirza da buroshi gashin ya kwanta, ya yi kaushi, ya fi sauran kafet ɗin fari, da'ira guda kamar faifai. Warin kananzir kuma bai gama fita ba. Na nuna wa Baba, na ce wannan fa? Ya shafa da tafin hannu, ya ce wannan kam rana ba ta da maganinsa.

Na sake zuwa ba Mama haƙuri. Ta ce in na ƙara ɗaga maganar za ta yi fushi da gaske, in kama mu shigar da shi. Muka kai falonsu, ina riƙe da gefe ɗaya Baba na riƙe da ɗaya. Ta ce a juya shi wurin ya koma ƙarƙashin tebur, inda yake tun da. Baba ya ce tebur bai taɓa zama a wannan gefen ba, ta taga yake. Ta ce ta ƙofa. Muka juya shi sau ɗaya, ta ce ba haka ba, muka mayar. Hannuna ya fara sanyi. Na ce ko in ajiye tukuna? Su biyun suka ce in riƙe, yanzu za a gama.